Walter Gropius: Malamin da ya haɗa magini da masaƙi a aji ɗaya

An haifi Walter Gropius a birnin Berlin na ƙasar Jamus ranar 18 ga Mayu, 1883. Ya karanci zanen gine-gine a Munich da Berlin, amma bai kammala karatun ba. Abin mamaki game da mutumin da sunansa ya cika duniya a wannan fanni shi ne bai iya zane da hannu sosai ba. Tun yana matashi ya dogara da abokan aiki wajen sauke tunaninsa a takarda, kuma wannan rashi ya koya masa tun da wuri cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan ya yi aiki a ofishin Peter Behrens, ya buɗe nasa a 1910 tare da Adolf Meyer. Su biyun ne suka zana masana'antar Fagus da ke Alfeld, mai bangon gilashi, wadda a yau take cikin wuraren tarihi na hukumar UNESCO. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa aiki. Ya je fagen daga, ya dawo da rauni.

A 1919 aka damƙa masa makarantu biyu a garin Weimar, ɗaya ta masu zanen hotuna, ɗaya ta sana'o'in hannu. Ya haɗe su, ya raɗa wa sabuwar makarantar suna Bauhaus. A wancan zamani mai zanen gini yana ɗaukar kansa mai gida, kafinta da maƙeri kuwa 'yan aike. Gropius ya ƙi wannan tsari. A ganinsa gini shi ne inda dukkan sana'o'i suke haɗuwa, don haka dole mai koyonsa ya san katako da ƙarfe da zare da hannunsa.

Kowane sabon ɗalibi yakan fara da kwas na wata shida a kan launi da siffa da halin kayan aiki, wanda Johannes Itten ya tsara. Daga nan sai ya shiga ɗakin koyon sana'a: kafinta, ƙira, saƙa, ginin tukwane ko ɗab'i. Kowane ɗaki yana da malamai biyu, gwanin sana'a da mai fasahar zane irin su Paul Klee da Wassily Kandinsky. Sakamakon ya bayyana a baje kolin 1923, inda aka gina wani gida na gwaji da Georg Muche ya zana, ɗalibai suka yi masa kujeru da fitilu da dardumai.

Tsarin bai rasa aibi ba. Makarantar ta yi alƙawarin daidaito, amma yawancin ɗalibai mata an tura su ɗakin saƙa. Sashen zanen gini kansa ma ba a buɗe shi ba sai 1927. Ga kuma siyasa: gwamnatin jihar Thuringia ta zaftare kuɗin makarantar a 1924, lamarin da ya tilasta mata ƙaura zuwa Dessau, inda aka buɗe sabon gininta a Disamba 1926. Gropius ya sauka daga shugabanci a 1928, kuma a 1933 matsin lambar 'yan Nazi ya rufe makarantar.

Ya bar Jamus a 1934 zuwa Ingila, inda ya yi aiki da Maxwell Fry, wanda daga baya shi da matarsa Jane Drew suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan. A 1937 ya wuce Amurka, aka naɗa shi shugaban sashen zanen gine-gine na Jami'ar Harvard a shekara mai zuwa. A can ya tarar da masu zanen gini da masu tsara lambuna da masu tsara birane a makaranta ɗaya, sai ya riƙa sa su aiki rukuni-rukuni a kan matsala guda. Cikin ɗaliban da suka ratsa hannunsa akwai I. M. Pei da Paul Rudolph. Saɓani da shugaban makarantar, Joseph Hudnut, a kan kwas ɗin share fage irin na Bauhaus, na daga abin da ya sa ya ajiye aiki a 1952.

Babbar shaidar aƙidarsa ita ce kamfanin The Architects Collaborative, da ya kafa a 1945 tare da matasa bakwai, biyu daga ciki mata. Duk da girman sunansa, bai liƙa shi a kan kamfanin ba. Duk mako sukan zauna, kowa ya shimfiɗa aikinsa a soke shi, har da nasa. Daga wannan zama aka fitar da tsarin Jami'ar Bagadaza a Iraƙi da ofishin jakadancin Amurka a Athens na ƙasar Girka.

Gropius ya rasu a Boston ranar 5 ga Yuli, 1969, yana da shekara 86. Masu sukarsa sun ce salon da ya yaɗa ya cika birane da gine-gine masu kama ɗaya, marasa la'akari da tarihin wuri. Sai dai kwas ɗin share fage da aikin rukuni sun zama ruwan dare a makarantun zane na duniya, har ɗalibai da yawa suna bin tsarin ba tare da sanin wanda ya assasa shi ba.