Mai Idris Alauma da Kufan Birnin Gazargamu

Gabatarwa

Kowace ƙasa mai tsohon tarihi tana da wani gini da ake saninta da shi. Katsinawa suna da hasumiyar Gobarau, mutanen Agadas suna da hasumiyar babban masallacinsu mai tsawon mita 27, Kanawa suna da badala da ƙofofinta, Turawa kuwa suna tinƙaho da tsofaffin gidajen sarakunansu na dutse da dogayen hasumiyoyin coci-cocinsu. To, mu da muka fito daga Jajimaji da Nguru da Gashuwa, in aka ce mu nuna namu, ina za mu nuna? Amsar tana gabas da mu. Idan mutum ya bi Kogin Yobe daga Gashuwa ya wuce Gaidam, zai tarar da kufan Birnin Gazargamu, wanda ya yi fiye da shekara 300 yana matsayin babban birnin Daular Barno. Wannan maƙala za ta kawo tarihin sarkin da sunansa ya fi fita a cikin waɗanda suka zauna a wannan birni, wato Mai Idris Alauma, tare da duba yadda rayuwarsa ta ƙare a tsakanin gina ganuwa da rushe ganuwa.

Asalinsa da Tasowarsa

Idris ɗan gidan Saifawa ne, zuriyar da ta fara mulki a Kanem, gabas da Tafkin Cadi. A ƙarshen ƙarni na 14 Bulala suka matsa wa Saifawa da yaƙi har suka bar Kanem suka dawo yammacin tafkin. Sun daɗe ba su da tsayayyen mazauni, sai a wajen shekarar 1470 Mai Ali Gaji ya kafa Gazargamu kusa da Kogin Yobe, ya kewaye shi da ganuwar ƙasa. Ali Gaji ya haifi Idris Katakarmabe, shi kuma ya haifi Ali, Ali ya haifi Idris ɗin da muke magana a kansa. Ke nan shi tattaɓa-kunnen wanda ya kafa birnin ne.

Mahaifinsa bai daɗe a kan mulki ba, ya rasu Idris yana ƙarami, sarauta ta koma hannun wasu 'yan'uwansa. Mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Bulala ce, wato dangin uwarsa su ne abokan gabar dangin ubansa. Tarihin baka na Barebari ya nuna cewa wata mace mai suna Aisa Kili Ngirmaramma ce ta riƙe ƙasar kafin a naɗa shi. Masana sun bambanta a kan shekarun mulkinsa. Tsofaffin littattafai kan rubuta 1571 zuwa 1603, amma Dierk Lange, wanda ya yi dogon nazari a kan jerin sarakunan Barno, ya tsayar da 1564 zuwa 1596.

Yawancin abin da aka sani game da shi ya fito ne daga alƙalamin babban limaminsa, Ahmad bin Fartuwa, wanda ya rubuta littattafai biyu da Larabci, ɗaya a 1576 a kan yaƙe-yaƙen Barno, ɗaya a 1578 a kan yaƙe-yaƙen Kanem. Ya kamata mai karatu ya riƙa tunawa cewa liman yana yabon ubangidansa ne, kuma shekarun farko na mulkin kaɗai ya rubuta.

Mai Rushe Ganuwa

A farkon mulkinsa Idris ya je aikin Hajji, ya ga yadda duniya take ciki. A lokacin Turkawan Daular Usmaniyya sun riga sun kama Tarabulus tun 1551, kuma hanyar fatake ta tashi daga Barno ta bi ta Bilma da Fazzan ta faɗa can. Ta wannan hanya ya samo bindigogi da Turkawa gwanayen harbi, ya kuma sa aka koya wa bayinsa sarrafa bindiga.

Babbar matsalar da ya tarar ita ce garuruwa masu kafi da ganuwa da ke cikin ƙasarsa, waɗanda ba su bin umarninsa. Mahaya dawaki ba su iya yi wa ganuwa komai, don haka sai ya fito da dabaru. Da zai yaƙi mutanen So da ke zaune a bakin Kogin Yobe, sai ya gina babban sansani mai katanga kusa da Damasak, ya zuba dakaru a ciki. Daga nan ake fita a sare musu itatuwan da suke ɓuya a ciki, a lalata musu amfanin gona, har yunwa ta karya su. A garin Amsaka, kudu da Tafkin Cadi, gwalalo mai zurfi ne ya kewaye kafin. Da farko aka cika shi da karan dawa, mutanen gari suka cinna wa karan wuta, sai aka koma cika shi da ƙasa. Sannan ya sa aka sari dogayen itatuwa aka kafa dandamali masu tsawo kamar hasumiyoyi a ɓangarori uku, 'yan bindiga suka hau suna harbi cikin gari har aka ci shi.

Ta yamma kuma ya yaƙi Ngizim, 'yan'uwan Badawa ta fuskar harshe, ya rushe garuruwansu. Ya kai hari ƙasar Kano, inda liman ya nuna an rushe kafin garuruwa da dama, sai Dala ce ta gagara. Ya kori Buzaye masu kawo hari daga arewa. Ya kai wa Bulala yaƙi har sau bakwai a Kanem, daga ƙarshe aka yi sulhu aka shata iyaka.

A nan akwai gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba. Waɗannan yaƙe-yaƙe sun ci rayuka masu yawa, an kama mata da yara an mai da su bayi, kuma bayi suna cikin manyan hajojin da ake ƙetara Sahara da su. Da yawa daga cikinmu jikokin waɗanda suka yi nasara ne ta wani ɓangaren, jikokin waɗanda aka ci da yaƙi ta wani ɓangaren.

Mai Gina Ganuwa

Wanda ya san yadda gini ke faɗuwa shi ya fi sanin yadda zai tsaya. Liman ya bayyana cewa kafin zamanin Idris masallatan ƙasar na kara ne da ciyawa, sai ya sa aka rushe su aka gina na ƙasa. Haka kuma ya kafa ribaɗi a kan iyakoki, ya sa aka sassaƙa manyan jiragen ruwa domin ƙetare kogi da runduna cikin sauri, ya yawaita amfani da raƙuma wajen ɗaukar kayan yaƙi. Bugu da ƙari ya daidaita mudun awon hatsi a kasuwanni, ya mai da shari'a hannun alƙalai.

Shi kansa Gazargamu birni ne mai kusan siffar da'ira, faɗinsa kimanin kilomita 2, ganuwarsa tana da ƙofofi biyar. A tsakiyarsa fadar Mai take, an gina ta da jan bulo, wato tubalin da aka gasa da wuta. Kimanin kilomita 5 daga birnin, a bakin kogi, akwai wata fadar ta jan bulo da ake kira Gambaru, wadda tarihin baka yake danganta ta da Aisa Kili da zamanin Idris. A ƙasar da talaka ke kwana a ɗakin ciyawa, jan gini alama ce ta mulki da ake hangowa daga nesa.

An daɗe ana zaton baƙi ne daga arewa suka kawo wa Barno wannan fasaha a zamanin Idris. Amma tonon da masu binciken kayan tarihi suka yi a Tiye, cikin yankin Kanem na ƙasar Cadi, ya gano katangar jan bulo da aka gina tsakanin ƙarni na 12 da na 14. Wannan ya nuna Saifawa sun zo da sana'ar ne daga tsohon gidansu, Idris gado ya tarar ya ɗora a kai.

Ko a hulɗarsa da ƙasashen waje maganar ganuwa ba ta bar shi ba. Ya aika jakada zuwa ga Sarkin Usmaniyya Murad na Uku yana neman a kiyaye lafiyar alhazai da fatake, a kuma bar masa wani sansani da ke yankin Fazzan. A wasiƙar da aka ba da amsa a 1577 an amince da maganar tsaron hanya, an hana shi sansanin. A 1582 ya juya ga Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur yana neman taimakon makamai.

Rasuwarsa da Makomar Birnin

Idris ya rasu ne a wajen yaƙi a kudancin ƙasarsa, aka binne shi a Alau, kusa da inda Maiduguri take a yau. Daga sunan wurin aka samo laƙabin Alauma, wato bayan rasuwarsa aka sa masa shi. Wannan Alau ɗin ne mai madatsar ruwan da ta ɓalle a watan Satumba na 2024. 'Ya'yansa uku, Muhammadu da Ibrahim da Umaru, sun yi sarauta ɗaya bayan ɗaya. A ƙarnin da ya biyo baya ne aka zaunar da Galadiman Barno a Nguru domin ya tsare yammacin daular.

Gazargamu ya ci gaba da zama cibiyar ilimi da ciniki har 1808, lokacin da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar suka ci shi. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya taimaka aka ƙwato shi, amma ba a jima ba aka sake cin sa, daga nan aka watse aka bar shi kango. A 1814 Shehu ya kafa Kukawa, a 1846 kuma mulkin Saifawa ya ƙare. Baturen Ingila Dixon Denham ya ga kufan a 1823, Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta wurin a 1852, kuma ta hannunsa ne kwafin littattafan liman suka isa Turai. H. R. Palmer ya fassara na farkon zuwa Ingilishi a 1926.

Kammalawa

Ga ɗalibin harshe, wannan tarihi ba baƙon abu ba ne. Masanin harshe Joseph Greenberg ya nuna tun 1960 cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa, haka ma sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Kalmomin birni da garu kuma suna cikin harsunan biyu. Ƙarfin da Barno ta yi a zamanin sarakuna irin su Idris yana cikin dalilan da suka sa Hausa ta yi wannan aro.

Abin da ya rage a Gazargamu da Gambaru tudun ganuwa ne da guntayen katangu, kuma kowace damina tana rage wani abu. Bulon da ya faɗi ba ya komawa wurinsa, haka ma tsohon da ya rasu da labari a bakinsa. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan arewacin Yobe, da mu riƙa zama da dattawa a lokacin hutu, mu rubuta abin da suka ji game da tsofaffin birane da ganuwoyin yankinmu, da Hausa da Barbarci da Badanci. Wannan aiki ne da ya dace da kundin digiri, kuma ba ya bukatar komai sai littafi da biro da haƙuri. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu amfana da abin da suka bari.