Farfesa Osuntokun: Likitan da ya bi sawun gubar rogo

Mai sayen garin kwaki a kasuwar Daura ko ta Mai'adua da wuya ya san sunan Benjamin Oluwakayode Osuntokun, alhali likitan ya shafe ƙuruciyar aikinsa yana binciken gubar da ke cikin rogon da ake yin garin da shi.

An haife shi a 1935 a garin Okemesi da ke Jihar Ekiti ta yanzu. Ya kammala karatun likita a Ibadan a 1961, sannan ya ƙware kan cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa a Ingila. Da ya dawo gida sai ya mayar da hankali ga wata cuta da ta addabi talakawan yankin Epe: ƙafafu su yi sanyi kamar ba na mutum ba, tafiya ta koma tangaɗi, gani da ji su raunana. Kusan dukkan majinyatan rogo ne cimarsu safe da dare.

Rogo, musamman mai ɗaci, yana sakin gubar sayanayid idan ba a jiƙa shi ko an tsuma shi sosai ba. Jiki kan lalata kaɗan daga gubar da taimakon sinadarin da yake samu daga abinci mai gina jiki, abin da talaka ya fi rasawa. Osuntokun ya auna jinin majinyatan, ya tarar da burbushin gubar ya yi yawa, ya kuma danganta cutar da ita.

Sai batun makari. Akwai allurar haidiroksokobalamin, dangin bitamin B12, wadda ke kama sayanayid ta fitar da shi ta fitsari. Har yau da ita ake ceton wanda gubar ta kama farat ɗaya, kamar wanda ya shaƙi hayaƙin gobara. Shi da abokan aikinsa suka gwada ta a kan majinyatansu, kuma a 1970 suka wallafa cewa ba ta warkar da su ba. Bayyana sakamakon da bai yi wa mai bincike daɗi ba shi ma jarunta ce. Makarin yana aiki ne a kan gubar da ke yawo cikin jini, ba ya gyara jijiyar da ta daɗe da lalacewa.

Ya shugabanci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan daga 1985 zuwa 1990, ya kuma jagoranci kwamitin ba da shawara kan binciken lafiya na Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙarshen rayuwarsa ya koma nazarin cutar mantuwa a tsakanin tsofaffin Ibadan. Ya rasu a birnin Kambirij na Ingila a watan Satumban 1995 yana da shekara 60.