Anna Hinderer: Baturiyar da ta sha yunwa a Badun

Duk wanda ya taɓa bi ta Kudeti, wataƙila ya lura da wani tsohon gidan bene kusa da babban cocin St. David. Da yawa cikinmu 'yan Sabo mun sha wucewa ta wurin ba mu san labarinsa ba. To a nan ne wata Baturiya mai suna Anna Hinderer ta zauna, tun kafin a kafa Sabo a 1916 da shekara sittin da wani abu. Addininta daban, namu daban, kuma abin da ya kawo ta shi ne wa'azin Kiristanci. Amma ita ma baƙuwa ce a wannan gari, kuma akwai abin dubawa a yadda ta yi zamanta.

An haife ta a 1827 a wani ƙauye mai suna Hempnall a yankin Norfolk na ƙasar Ingila. Sunanta na gida Anna Martin. Tana da shekara biyar mahaifiyarta ta rasu. Daga baya ta koma garin Lowestoft, inda wani limamin coci, Francis Cunningham, da matarsa suka riƙe ta kamar 'yarsu. A can ta fara koyar da yara tun ita ma tana yarinya. A watan Oktoba na 1852 ta auri David Hinderer, Bajamushe da ke aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya riga ya leƙo Badun a 1851 ya nemi izinin zama wurin manyan gari. Ba a daɗe da ɗaurin aure ba suka hau jirgin ruwa.

Tun a Ikko zazzaɓi ya yi mata maraba, kuma bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. Suka bi ta Abeokuta, suka iso Badun a watan Afrilu na 1853, zamanin Baale Olugbode. Badun ta lokacin garin mayaƙa ce, mai ƙarfi shi ne da magana. Mutane ba su taɓa ganin mace farar fata ba, don haka kullum gidan cike yake da 'yan kallo. Gidan kuwa na ƙasa ne da jinka, kamar na kowa. Abokin aikinsu da suka zo tare, Kefer, bai wuce 1855 ba ciwo ya kashe shi.

Abu na farko da ta sa a gaba shi ne Yarbanci. Ta gane cewa muddin sai da tafinta za ta yi magana, to har abada 'yar kallo za ta zama. Mijinta yana fita kasuwanni da ƙofar gidajen manya yana wa'azi, mutane su saurara cikin ladabi, su watse, kowa ya koma ga abin da ya gada. Musulmin gari, waɗanda sun riga su kafuwa, ba su karɓa ba. Masu bin addinin gargajiya ma kaɗan ne suka bi, kuma waɗanda suka bi ɗin sun sha wuya a hannun danginsu. In ana maganar yawan mabiya ne, shekarun farko ba wani abin a zo a gani.

Ita kuwa sai ta koma ga yara. Wani babban mutum mai suna Olunloyo ya ba ta 'ya'yansa biyu, Akinyele da Yejide, su yi karatu. Sannu a hankali gidan ya cika: 'ya'yan manya, marayu, yaran da aka yar, da waɗanda aka fanso daga bauta. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma gari duka Iya ake ce mata. Ita ce malama, ita ce mai jinya, ita ce mai ɗinka musu sutura. Wani saurayi da suka taho da shi daga Abeokuta, Daniel Olubi, shi ne hannun damansu.

Jarrabawar gaske ta zo a 1860, da yaƙin Ijaye ya ɓarke tsakanin Badun da Kurunmi. Egbawa suka goyi bayan Ijaye, Ijebu suka toshe hanyar bakin teku. Shi ke nan, ba wasiƙa, ba kaya, ba kuɗi daga Ikko. Kuɗin lokacin wuri ne, kuma nasu ya ƙare. Anna ta shiga sayar da kayan ɗakinta da tufafinta ɗaya bayan ɗaya don ta ciyar da yaran. Suka koma noma a bayan gida. Akwai lokacin da abincinsu bai wuce ɗan wake da manja da barkono ba, har takan kwanta tana kuka saboda yunwa. A 1861 mijinta ya yi kasada ya ratsa ƙasar Ijebu zuwa Ikko neman agaji, ya dawo da ƙyar, domin ana farautarsa.

To wa ya riƙe su? Ba Ingila ba ce, don Ingila ta yi nisa. Maƙwabta ne. Matan unguwa da ba su ma shiga addininta ba suna aiko da doya da masara, wasu su ba da bashin wuri ba tare da sanin ranar biya ba. Shekarun da ta yi tana jin yarensu, tana zuwa gaisuwa da jinya, su ne suka yi mata rana. Ijaye ta faɗi a 1862, amma hanya ba ta buɗe ba. Sai a 1865 Gwamna Glover ya turo wani hafsa, Kyaftin Maxwell, ya fitar da ita ta cikin daji a ɓoye.

Duk da haka ta sake dawowa. Sai dai jiki ya riga ya gaji, a 1869 suka tattara suka koma gida, suka bar aikin a hannun Olubi. Ta rasu a watan Yuni na 1870 a Martham, tana da shekara 43. Bayan shekara biyu aka buga littafin rayuwarta daga wasiƙunta, kan shekaru goma sha bakwai da ta yi a ƙasar Yarbawa. Mijinta ya rayu har 1890.

Abin da suka bari ya fi bayyana a makaranta. Daga gidan ɗaya daga cikin mabiyansu na farko aka sami Bishop Alexander Akinyele, wanda ya kafa Ibadan Grammar School a 1913, da ƙanensa Isaac Akinyele, wanda ya zama Olubadan a 1955. 

Mu da iyayenmu suka zo da shanu da goro, mun san me ake nufi da rufewar hanya. Waɗanda suka ga rikicin Shasha na 2021 ba sai an ba su labari ba: ranar da abu ya ɓaci, Kano da Sakkwato nesa suke, maƙwabcinka shi ne kusa. Ba wanda ya ce mu bar namu, Sabo ta tsaya ne da addininta da harshenta. Amma matar nan ta zo ba ta da kowa, ta koyi yaren gari, ta zaunar da yara a aji, kuma bayan shekara ɗari da hamsin sunanta bai ɓace ba. Sai mu duba yaranmu da ke yawo a bakin titin Mokola da safe, lokacin da 'ya'yan wasu ke makaranta. Allah Ya sa mu gyara.