Max Eitingon: Ɗan fatake da ya kafa dokar duba aikin likitocin zance

Idan majinyaci ya shiga ɗaki da mai yi masa magani, aka rufe ƙofa, kuma maganin duk zance ne, wa zai tabbatar cewa an yi aikin daidai? Wannan tambaya ce ta cinye rayuwar Max Eitingon, mutumin da sunansa bai yi tashe kamar na malaminsa Sigmund Freud ba, amma tsarin da ya shimfiɗa yana nan har gobe.

An haifi Eitingon a 1881 a garin Mogilev da ke daular Rasha ta wancan zamani, cikin gidan Yahudawa attajirai masu fataucin fatu. Yana yaro iyayensa suka koma Leipzig a Jamus. Ya karanta likitanci, ya kuma yi aiki a asibitin masu taɓin hankali na Burghölzli a birnin Zurich. A 1907 ya je Biyana ya gana da Freud, wanda ya ƙirƙiro hanyar warkar da damuwa ta barin majinyaci ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai, likita kuma ya tono tushen matsalar. Daga baya Freud ya riƙa nazarin zuciyar Eitingon kansa suna yawon yamma a titunan birnin.

Eitingon mutum ne mai i'ina, bai kuma bar rubuce-rubuce masu yawa ba. Baiwarsa tana wajen tsara aiki. A watan Fabrairun 1920, shi da Karl Abraham da Ernst Simmel suka buɗe asibiti a birnin Balin, inda kowa ke biyan abin da ƙarfinsa ya kai, matalauci kuma a duba shi kyauta. Da dukiyar gidansu ya ɗauki nauyin wurin.

A nan ne ya ɗora horon sabbin likitoci bisa duwatsun murhu uku: ɗalibi ya fara zama majinyaci a hannun gwani, ya halarci darussa, sannan ya karɓi majinyata yana kai wa wani babba rahoton abin da ke gudana, a gyara masa kuskure tun bai yi nisa ba. Dalilin a fili yake: wanda ya kawo damuwarsa ya ba da amana ne, bai kamata sabon hannu ya koyi sana'a a kansa ba tare da mai tsawatarwa ba. A taron Bad Homburg na 1925 aka kafa kwamitin horo na ƙasa da ƙasa, aka ba Eitingon shugabancinsa.

Asibitin bai tsaya ga horo ba, ya riƙa ajiye lissafi. A rahoton cika shekara goma na 1930, Otto Fenichel ya nuna cewa an ga masu neman shawara 1,955, an fara yi wa 721 magani, 241 kuma sun daina kafin a kammala. Bayyana waɗanda suka yanke a hanya gaskiya ce mai tsada, domin a 1952 masani Hans Eysenck ya haɗa da waɗannan alƙaluma wajen sukar hanyar baki ɗaya.

Ƙarshen Eitingon ya zo da jarrabawa. Karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta girgiza kasuwancin gidansu, hawan 'yan Nazi mulki a 1933 kuma ya raba shi da asibitin da ya gina. Ya yi ƙaura zuwa Birnin Ƙudus, ya kafa wata ƙungiyar likitocin a can, ya rasu a watan Yulin 1943.

Ya bar aiki guda bai ƙarasa ba. Lissafin Balin ya ƙirga waɗanda suka samu sauƙi, amma bai auna ko duba aikin ɗalibi ne ya kawo sauƙin ba. Masu bitar bincike a yau suna cewa nazarin da ya gwada hakan kai tsaye ƙalilan ne. Shekaru fiye da ɗari ke nan ana bin dokar Eitingon bisa yarda, majinyata kuwa sun cancanci a kawo musu hujja.