MALAM SA'ADU ZUNGUR: ƊAN AREWA A IKKO

Cikin 'yan Arewa da suka yi zaman Ikko tun zamanin Turawa, babu wanda ya fi marigayi Malam Sa'adu Zungur ganin illar raba Kudu da Arewa.

An haife shi a Bauchi a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a gidan malanta, don mahaifinsa shi ne Limamin Bauchi. Ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafai a gida, sa'an nan ya shiga makarantar boko har ya kai babbar Kwalejin Katsina. A 1934 aka tura shi Kwalejin Yaba a Ikko, shi ne kuwa ɗan Arewa na farko da ya shiga cikinta.

A nan idonsa ya buɗe. Ko da yake Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa tun 1914, Turawa sun bar kowane sashe da irin nasa mulki. A Arewa sun jingina da sarakuna da En'e, makarantu kaɗan ne, baƙi 'yan Kudu kuma aka ware su a Sabon Gari. A Ikko kuwa ya tarar da jaridu da lauyoyi suna ja da gwamnati ido da ido.

Da ya komo gida sai ya koyar a Kano da Zariya, ya kuma shiga tara matasa don tattauna al'amuran ƙasa. A Bauchi ya zauna majalisar muhawara tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano. Sukar da ake yi wa mulkin En'e a wurin ta yi zafi, har hukuma ta rufe majalisar.

Tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 ya ƙara tabbatar da jihohi uku, watau Arewa da Gabas da Yamma. Malam Sa'adu bai yarda a yi neman 'yanci a rarrabe ba. Saboda haka a 1948 ya sake komawa Ikko, ya zama sakataren jam'iyyar N.C.N.C. ta Dokta Azikiwe, a lokacin da manyan Arewa da yawa ke ɗari-ɗari da 'yan siyasar Kudu.

Amma zaman bai yi masa daɗi ba. Ya lura wasu abokan tafiyarsa ba su san Arewa ba, ba su kuma damu da halin da take ciki ba. Waƙarsa mai suna Arewa Jumhuriya ko Mulukiya gargaɗi ce ga sarakuna da talakawa, cewa idan ba su gyara mulki sun nemi ilmi ba, to, ranar da Bature ya tafi za a bar su a baya. Daga baya ya koma Bauchi ya shiga jam'iyyar N.E.P.U., yana fama da ciwon huhu, yana kuma fama da hukuma.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Janairu 1958, bai ga mulkin kan Arewa na 1959 ba, balle na Nijeriya na 1960.

Ɗan Arewa da ke neman abincinsa a Agege ko Sabo ta Badun, ya tuna akwai wanda ya riga shi zuwa, ya zauna da mutanen Kudu bai raina su ba, bai kuwa yarda a raina nasa ba. Allah ya jiƙansa, amin.