Alhaji Abubakar Imam Da Jaridar Da Ta Bi Sojoji Har Bama

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa ya san Alhaji Abubakar Imam ta hanyar Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Amma a wannan ɗan rubutu ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai ga wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika tattaunawa a aji ba, wato hidimar da alƙalaminsa ya yi wa sojojinmu a Yaƙin Duniya na Biyu.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haife shi a shekarar 1911 a garin Kagara, hedikwatar ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a yau. Ke nan mu mutanen Minna muna da haƙƙin cewa namu ne. Ya yi karatu a Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta garin. Gasar rubutu ta 1933, wadda Dokta Rupert East ya jagoranta, ita ce ta fito da shi fili.

Jarida A Bakin Daga

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne kuma editanta na Hausa. Watanni kaɗan bayan haka yaƙi ya ɓarke. Aka kwashi samarin ƙasar nan zuwa Gabashin Afirka, inda suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Daga baya aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma dazuzzukan Bama don su kara da Japan.

To, me sojan da ya baro iyalinsa zai karanta a can? Jaridar Imam ce ke isa gare shi da labarin gida: na damina, da sarauta, da kasuwa. Wanda ya iya boko sai ya karanta wa na kusa da shi. Sojojin ma sukan aiko da wasiƙu, jaridar ta buga, ta haka iyaye ke jin ɗuriyar 'ya'yansu.

Abin da ya fi taɓa ni, a matsayina na wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, shi ne yawancin waɗannan sojoji ba Hausawa ne zalla ba. Akwai Gwari da Nufawa da Tibi da sauransu, waɗanda Hausar bariki ta haɗa. Saboda haka sassauƙar Hausar Imam ta zama musu makaranta, kamar yadda ta zame mini.

Sauran Rayuwarsa

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. Wannan tafiya ce ta haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga bisani ya shiga majalisa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.

Kammalawa

Babu shakka Turawan mulki sun yi amfani da jaridar don farfagandar yaƙinsu, wannan bai kamata mai nazari ya manta da shi ba. Duk da haka wasiƙun sojojin nan taska ce ta harshe da tarihi, takardun kuma suna tsufa. Ina kira ga masu neman batun kundin digiri su waiwaye su tun kafin gara ta riga mu. Allah ya jiƙan Malam Abubakar Imam, amin.