Rowland Bingham, Mutumin da Bai Daina Addu'a Ba

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa roƙon Allah wani abu da dukan zuciyarka, ka yi kwana da kwanaki kana roƙo, amma ka ji shiru? Watakila ka yi binne a gonarka a ƙasar Kelle, ka roƙi ruwa, hadari ya haɗu bisa duwatsun Kutus, sai iska ta watsa shi. Watakila ke, uwar gida, kin kwana kina addu'a a kan yaro mai zazzaɓi, amma da gari ya waye yaron ya rasu. A irin wannan rana Shaiɗan yakan raɗa wa mai bi cewa addu'a aikin banza ce. Ga labarin wani bawan Allah wanda ya sha wannan gwaji shekara da shekaru. Ka karanta shi a hankali, ka kuma karanta wa iyalinka bayan tuwon dare.

Yarantakarsa

An haifi Rowland Bingham a Ingila a shekara ta 1872. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, sai ya fara aiki da wuri domin ya taimaki mahaifiyarsa. Yana da shekara 15 ya ji bishara daga bakin masu wa'azi na ƙungiyar Rundunar Ceto, ya tuba, ya karɓi Yesu Kristi ya zama Mai Cetonsa. Yana da shekara 16 ya ƙetare teku zuwa ƙasar Kanada. Ya yi aikin gona, daga baya ya shiga aikin wa'azi a birnin Toronto. Ba shi da dukiya, ba shi da zurfin karatu, ba kuwa wanda ya san sunansa.

Wata uwa mai addu'a

A Toronto akwai wata dattijuwa, matar Gowans, mutuniyar Sikotilan. Allah ya ɗora mata nauyin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a zamanin nan. Kada ka ɗauka ƙasar Sudan ta yau kaɗai ake nufi. Suna nufin dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamada, tun daga kogin Kwara har kogin Nilu. Ƙasar Hausa tana ciki, da Barno, da Damagaram, da Muniyo, da Kutus inda kake zaune. Wannan mace ba ta taɓa ganin ƙasarmu ba, ba ta jin harshenmu, amma tana durƙusa tana roƙon Allah ya aiko mana da masu bishara.

Ka lura da abu ɗaya. Addu'arta ta ci mata abu mai tsada, gama wanda ya fara tashi domin wannan aiki ɗanta ne, Walter. A shekara ta 1893 ta gayyaci Bingham gidanta cin abinci, ta ba shi labarin wannan babbar ƙasa mai miliyoyin mutane. Maganar ta hana shi barci. Ba a daɗe ba ya shiga jirgin ruwa ya bi Walter zuwa Ingila. Wani abokin karatun Walter, Thomas Kent mutumin Amurka, ya zama na ukunsu.

Kabari biyu

Samarin nan uku sun nemi wata mishan ta aike su, ba wadda ta yarda. Sai suka tashi da ɗan abin da ke hannunsu, suka sauka a Ikko ran 4 ga Disamba 1893. A cikinsu ba wanda ya kai shekara 30. Shekarar nan ce Rabe ya ci Kukawa, ƙasar Barno tana cikin yaƙi. Hanyoyi cike suke da mahara da masu kamun bayi. Wani babban mai mishan a Ikko ya faɗa musu a fili cewa ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai ko jikokinsu.

Kuɗinsu bai isa tafiya ba. Suka keɓe mako guda suna addu'a, suka sayar da kayansu. Sai ga kuɗi sun iso, mafi yawansu daga hannun wata 'yar aikin gida wadda ta ba da dukan ɗan gadon da aka bar mata. Suka yi murna, suka ga lalle Allah yana ji.

Amma zazzaɓi ya kwantar da Bingham, dole ya zauna a Ikko yana aika wa 'yan'uwansa guzuri. Gowans da Kent suka nausa arewa. A watan Nuwamba 1894 Walter Gowans ya rasu a garin Girku, a ƙasar Zazzau. A watan Disamba Thomas Kent ya rasu a Bida, a ƙasar Nufe. A shekara ta 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Ba su kafa majami'a ba, ba su yi wa kowa baftisma ba. Abin da suka bari kabari biyu ne.

Ya ɗauki 'yan kayan Walter ya kai wa mahaifiyarsa. Ka yi tunani, me za ka faɗa wa uwa a irin wannan rana? Amma ita ce ta ƙarfafa shi. Ta nuna masa cewa gara mata ɗanta ya mutu a can cikin biyayya ga Ubangiji da ya zauna a gida lafiya cikin rashin biyayya. Ta kuwa ci gaba da addu'a domin Sudan kamar dā.

Tambaya mai wuya

Bangaskiyar Bingham ta girgiza ƙwarai. An koya masa cewa mai bi wanda yake da isasshiyar bangaskiya zai warke daga kowace cuta ba tare da magani ba. To, me ya sa abokansa suka mutu? Sun kasa bangaskiya ne? Ko Allah ne ya kasa cika alkawari? Bai ɓoye wa Allah wannan tambaya ba, bai kuma rufe Littafi Mai Tsarki ba. Ya zauna ya bincika shi da kyau. A ƙarshe ya gane cewa Allah yana warkarwa yadda ya ga dama, wani lokaci ta wurin magani, wani lokaci ba tare da magani ba, wani lokaci kuma yakan kira bawansa gida. Daga baya ya rubuta littafi a kan wannan domin ya taimaki waɗansu.

Kai ma ka duba da kanka. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa wata ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, sai aka ba shi alherin jimrewa (2 Korantiyawa 12:7-9). Shi Bulus ɗin ya bar abokin aikinsa ba lafiya a Militus (2 Timoti 4:20). Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne (Kolosiyawa 4:14). Saboda haka idan yaronka ya kwanta, ka yi masa addu'a, ka kuma kai shi asibiti tun da wuri. Idan kuma Allah ya ɗauke shi, kada ka yarda wani ya ce maka rashin bangaskiyarka ne ya kashe shi.

Karo na biyu da na uku

Bingham ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya koyi ɗan aikin magani, ya yi aikin fasto a Amurka. A shekara ta 1898 ya auri Helen Blair, ya kuma tara waɗansu masu bi a Toronto suka kafa mishan wadda daga baya aka san ta da suna SIM. A shekara ta 1900 ya sake sauka a Ikko tare da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kama shi, har aka ɗauke shi aka sa a jirgi zuwa gida. Samarin nan biyu suka karai, suka biyo shi a jirgi na gaba.

Shekara bakwai ke nan yana addu'a, babu ko mutum ɗaya da ya tuba. Waɗanda suka ba da kuɗinsu suka fara ja da baya. Bingham ya shiga baƙin ciki irin wanda bai taɓa shiga ba. Da kai ne, da ba ka ce Allah ya rufe ƙofa ba? Amma ya riƙe abin da ya tabbata Allah ya kira shi ya yi, ya koma ga addu'a, ya sake neman ma'aikata.

A shekara ta 1901 ya aiki mutum huɗu, shi kuwa ya tsaya a Kanada domin ya nemi masu addu'a da masu bayarwa. A 1902 suka kafa tashar mishan ta fari a Fategi, a bakin kogin Kwara. A shekarar nan wani mai kantin magani a Toronto, Andrew Stirrett, ya bar dukiyarsa ya zo ya haɗu da su. Kafin wannan lokaci, a 1897, masana sun gano cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin da ya kashe mutane da yawa. Stirrett ya nace kowane ma'aikaci ya riƙa shan kwinin kullum, mace-mace kuwa suka ragu. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ka ga yadda Allah ya amsa addu'ar kariya ta hannun mai kantin magani.

Amsa ta iso Damagaram

Daga nan aikin ya yi ta yaɗuwa sannu a hankali. A shekara ta 1924 masu mishan na SIM suka zauna a birnin Damagaram, shekara 31 bayan saukar samarin nan uku a Ikko. Daga baya aka buɗe Tsibiri da Maraɗi. A 1927 aikin ya kai ƙasar Habasha. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, Stirrett yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar tare da Likita Miller na Zariya da waɗansu. Bingham ya riƙa zuwa ziyara daga Kanada, ya ga majami'u da idonsa a ƙasar da aka ce ba zai taɓa gani ba. Ya rasu a watan Disamba 1942, ya bar ɗaruruwan ma'aikata a bakin aiki.

Akwai kuma abin da bai gani ba. An buɗe asibitin Galmi a 1950, bayan mutuwarsa. An kafa ikilisiyar ECWA a Nijeriya a 1954. Ikilisiyar EERN ta tsaya da ƙafarta wajen lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960. Walter Gowans da Thomas Kent ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Taken mishan ɗin nan kuwa gajere ne, yana cewa aikin ta wurin addu'a ake yinsa. Littafin Hausa da ke cikin ɗakinka yana cikin amsar addu'ar wata tsohuwa a Toronto.

Me za ka koya?

Na fari, addu'a magana ce tsakanin ɗa da Ubansa. Ba ciniki ba ce da za ka ce na biya, a ba ni. Ba kuma laya ba ce da ke aiki saboda yawan maimaitawa. Muna zuwa gaban Allah cikin sunan Yesu, wanda ya mutu domin zunubanmu, ya tashi, yana kuma roƙo dominmu (Ibraniyawa 7:25). Idan ba ka karɓe shi ba tukuna, addu'arka ta fari ita ce ta tuba.

Na biyu, ka faɗa wa Allah gaskiyar zuciyarka. Bingham ya kai masa shakkarsa da baƙin cikinsa. Dawuda ma haka ya yi cikin Zabura ta 13. Allah ya riga ya san abin da ke ranka.

Na uku, kada ka gaji. Yesu ya ba da misalin gwauruwa wadda ta dami alƙali har ya bi mata hakkinta, domin ya koya mana naciya (Luka 18:1-8). Yakubu ya kwatanta mai bi da manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe (Yakubu 5:7). Kai manomi ne, ka sani ba a tone iri kowace safiya a duba ko ya tsiro. Mutumin da ya shuka dabino sau da yawa 'ya'yansa ne ke cin amfaninsa.

Na huɗu, ka shirya Allah ya yi amfani da kai wajen amsa addu'arka. Matar Gowans ta roƙi ma'aikata, ta ba da ɗanta. 'Yar aikin gida ta ba da gadonta. Idan kana roƙon Allah ya ciyar da maƙwabcinka a lokacin yunwa, ka duba rumbunka.

Mai gida, ka sa lokaci a gidanka. Da asuba kafin a tafi gona, ko da dare bayan an ci abinci, ka tara matarka da yara a tabarma ɗaya. A karanta 'yan ayoyi, a yi godiya, a furta zunubi, sa'an nan a kawo roƙo. Ku ambaci sunan marasa lafiya, da fastonku, da shugabannin ƙasa, da maƙwabtanku, har da waɗanda suke yi muku ba'a saboda sunan Yesu. Ku bar yara su ma su yi addu'a da bakinsu. Idan gidanku ne kaɗai na masu bi a ƙauyen, kada ku karai, gama Ubangiji ya yi alkawarin kasancewa tare da mutum biyu ko uku da suka taru cikin sunansa (Matiyu 18:20).

Akwai wani mutum ko wani gari da ka daina yi wa addu'a domin ka ga ba canji? Yau da dare ka sake ambaton sunansa a gaban Allah, gobe ma haka.